Kafin ka sayi ƙaramin moto mai giya

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu zuwa kasuwar Alaba ko Oshodi a Legas neman ƙaramin moton lantarki don haɗa mutum-mutumi mai taya, ga shawara. Wancan mai ruwan ɗorawa da ake kira TT, giyarsa 1:48 ce, wato moto ya juya sau 48 taya ta juya sau ɗaya, yana aiki da bolt 3 zuwa 6. Ya isa mai koyo, amma haƙoran giyarsa na roba ne, kaya ya yi nauyi sai su cinye. In da hali, moton da ake kira N20 mai giyar ƙarfe ya fi ƙarko.

Don Allah kada ka jona moto kai tsaye a ƙafar Arduino, wato ƙaramin allon lantarkin da ke sarrafa mutum-mutumin. Wutar da take bayarwa ba ta wuce miliyamfa 40 ba, moto kuwa yana jan ninkin haka. Wani ƙanena a Agege ya ƙona allonsa ta haka, har yau abin na damuna, don kuɗin makaranta ya tara ya saya. Sa L298N, wato allon da ke tuƙa moto, a tsakaninsu, amma ka sani yana shanye kusan bolt 2, saboda haka batirin caji samfurin 18650 guda biyu a jere ya fi dacewa.

Ka tafi kasuwa da batirinka a aljihu, ka gwada moto biyun da za ka saya, na hagu da na dama, a gaban mai shago. In ɗaya ya fi gudu, mutum-mutumin zai riƙa karkata gefe.