Kurakuran da muke yi wajen kunna wa yara katun

Yawancinmu a Kaduna ga yadda muke samun finafinan katun: a leƙa shagon masu turi a Kawo ko Tudun Wada, a miƙa memori, a ce "cika min da na yara." Daga nan kuskure yake farawa. Mai shago ba ya zama ya kalli abin da yake turawa, da ya ga zane ne sai ya jefa shi cikin na yara. Alhali akwai katun ɗin da don manya aka yi shi. Sausage Party na 2016 zane ne, amma a Amurka harafin R aka ba shi, wato wanda bai kai shekara 17 ba ba ya shiga kallo sai da babba. G na kowa da kowa ne, PG kuma iyaye su duba tukuna. Ka rubuta sunan fim ɗin a intanet ka ga harafinsa. In babu data, ja shi gaba kaɗan-kaɗan ka leƙa kafin waya ta isa hannun yaro.

Ko mai G ɗin ma ba a sakar wa ƙaramin yaro a tafi kicin. The Lion King na 1994 G ne, amma a cikinsa Mufasa, sarkin zakuna, ya mutu a gaban ɗansa. Ranar da ɗan ƙanwata ya kai wurin, sai ya juyo idonsa taf da hawaye, ya ce, "Kawu, zai tashi ko?" Na kusa ce masa barci yake yi. Wannan ƙaryar ita ce kuskuren da ya fi damuna, don fim ɗin da kansa zai ƙaryata ka nan da minti kaɗan, yaron kuma ba zai manta ba. Tsayar da fim ɗin, ka ce masa ya mutu, yadda za ka faɗa masa in rasuwa aka yi a unguwa. Sannan ka tambaye shi ko a ci gaba.

Sai gaggawar kashewa da zarar sunayen waɗanda suka yi fim ɗin sun fara hawa a ƙarshe. A Frozen na 2013, bayan sunayen sun ƙare ne dodon ƙanƙarar da ke cikin fim ɗin yake tsintar kambin sarauniya Elsa ya ɗora a kansa. A Moana ma ana komawa ga ƙatuwar ƙaguwar da ke cikin fim ɗin, tana nan kwance rigingine. In naka ya yanke cak a farkon sunaye, kwafin ne bai cika ba.

Wani kuma ya taɓa yi min gardama a majalisa cewa 'yan katun ma suna tuntuɓen baki, wai ya gani a ƙarshen Toy Story 2. Zane ba ya manta maganarsa. Kamfanin Pixar ne ya zauna ya tsara waɗannan "kurakuran" da gangan don raha, kamar yadda ya fara yi a A Bug's Life a 1998. Haka ma A113 da ake gani jikin lambar mota a Toy Story, lambar wani aji ce a makarantar CalArts ta Kalifoniya, inda da yawa daga masu zanen suka yi karatu. Ka ba yara aikin nemo ta a sauran finafinan kamfanin, za ka samu shiru a falo.