Babi na 6: Yadda Duwatsu Ke Naɗewa

Darasi na ɗaya

Kowa ya kawo zannuwa uku masu launi daban-daban. Tsofaffi sun isa, ba sai an je Kantin Kwari ba. A shimfiɗa su a kan tabarma, ɗaya bisa ɗaya. Kowane zane ya tsaya a matsayin shimfiɗar dutse guda.

Hannun dama a bakin zane na dama, na hagu a bakin hagu. A tura su, su nufi juna. Daga gefe ake turawa, ba a dannawa daga sama. Zan maimaita: daga gefe. Sannu a hankali. Zanen zai tashi, tudu nan, kwari can. Madalla, kun naɗe dutse ke nan.

Haka ake yi idan manyan ɓangarorin ɓawon ƙasa suka haɗu, sai dai tafiyarsu kamar tsiron farce take, santimita kaɗan a shekara. Hakan ya faru a yankinmu kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, tun daga duwatsun Hoggar na Aljeriya har zuwa nan. Duwatsun Kazaure da na Birnin Gwari saura ne daga wannan naɗi. Kada ku haɗa da Dala, ita marmara ce mai ƙarfe.

Idan zanenku ya kwanta shar, to dannawa kuka yi. Ba komai, a warware a sake. Hajiya, na ga tafinki a tsakiyar zane. Baba, kai ma haka. Haba! Sau nawa zan faɗa? Wanda ya danna daga sama guga yake yi. Daga gefe, don Allah.

Darasi na biyu

A sa sabulu mai tauri a tsakiyar zannuwan, a sake turawa, daga gefe. Zane zai naɗe ya kewaye shi, shi kuwa bai lanƙwasa ba. Wannan sabulun shi ne ƙaramar tsohuwar nahiya da ta maƙale a cikin naɗi. Ana gane ta domin ta girmi duwatsun da ke kewaye da ita. Masana na auna shekarun da ƙwayar zirkon, wani ma'adini da ake samu a cikin dutse, ƙanƙane kamar yashi. Misali, tsibirin Morishas da ke tekun Indiya bai kai shekara miliyan 10 ba, amma an sami zirkon mai kusan shekara miliyan 3,000 a cikinsa, alamar akwai tsohuwar ƙasa a ƙarƙashi.

Darasi na uku

Ku zana naɗin a littafinku. Ku sa alama inda sabulu yake.