Inda za ka fara hawan igiyar ruwa a Dakar

In kai sabon shiga ne, nufi gaɓar Yoff. Yashi ne a ƙasa, ko ka faɗo daga kan allon da ake hawan igiyar da shi, iyakaci ka sha ruwan gishiri. Ngor kuwa duwatsu ne, cike da wasu halittun teku masu ƙaya kamar bushiya. Taka ɗaya kawai, ka wuni ana tsince maka tafin ƙafa da allura. Ouakam, gaban wani masallaci da ke bakin teku, bar wa gwanaye.

Ni nakan zauna in kalli ruwan tukuna, in ga inda igiya ke karyewa da inda ruwa ke ja zuwa ciki. In kuma ba ka jure cunkoso da jiran layi, fita bayan sallar asuba, kafin jama'a su taru.