Yadda na gyara wuƙar da ta ƙi cin ƙarfe

Kwana biyu ina fama da wani shaft, wato mulmulallen sandan ƙarfe, a injin sassaƙa ƙarfe. Wuƙar da injin ke yanka da ita ta HSS ce, wani irin ƙarfe mai tauri, na wasa ta da kaina, amma sai ƙara take yi tana goga ƙarfen, aikin ya fito kaushi-kaushi.

Da na duba ƙasan bakinta sai na ga wuri mai sheƙi. Ashe gindin ne ke taɓa aikin kafin baki ya kai, gangaren da na yi mata ya yi kaɗan. Dutsen giranda ma ya toshe ya yi santsi, shi ya sa nake dannawa har ƙarfen wuƙar ya koma shuɗi.

Na fara kankare fuskar dutsen. Na karkata matokarin giranda zuwa digiri 8, na wasa gaba da gefe a hankali, ina tsoma wuƙar a ruwa tun kafin ta ɗau zafi. Tsinin kuma na ɗan zagaye shi da dutsen mai.

Saura tsayi, abin da na saba yi wa ganganci. Na sa siririn gwangwani a ƙasanta har baki ya zo daidai tsakiyar shaft. Ƙarar ta ɗauke, ɓawon ƙarfe ya fara fita a nannaɗe.