Kurakuran Masu Zuwa Hutu Gonakin Inabin Cape Town

Babban kuskure shi ne yankar tikiti ba tare da duba watan tafiya ba. Mutum ya ga hoton koren gonakin Stellenbosch, sai ya tashi a Yuli. To, yanayin Afirka ta Kudu a juye yake. Daga Yuni zuwa Agusta sanyi ne da ruwan sama a yankin Cape, itatuwan inabi sun kakkaɓe ganye, sai ƙirare a jere. Mai son ganin 'ya'ya a jikin itace ya je tsakanin Fabrairu da Maris, lokacin tsinka. A tsakiyar Disamba kuwa 'yan ƙasar da kansu suna hutu, masauki ya yi wuya, ya yi tsada.

Sai tsara rana kamar ana gudun tsere. Haba! Gona biyar a wuni ɗaya, da mota a hannunka? Stellenbosch tana da nisan kusan kilomita 50 daga Cape Town, kuma hanyar Helshoogte da ke haɗa ta da Franschhoek hawa ce da kwana-kwana. Ana tuƙi ne ta hannun hagu, kuma baƙo yakan rikice a shataletale. Ga kuma ɗanɗano: kowace gona takan zuba wa baƙo giyar inabi kala biyar ko shida, kaɗan-kaɗan, amma kafin gona ta uku mai sha ya wuce iyakar doka, wato giram 0.05 na barasa a mililita 100 na jini. Ko kai ba ka sha, na gabanka a titi da yamma mai yiwuwa ya sha. A ganina gona biyu sun isa: ɗaya da hantsi, ɗaya bayan abincin rana, a dawo kafin duhu. A ɗauki direba, ko a hau taragon Franschhoek da ke zagayawa da baƙi gona-gona. Wanda lokacinsa kaɗan ne ya tsaya Groot Constantia, gonar da aka kafa tun 1685, tana cikin Cape Town ɗin ma.

Tekun ma yana yaudara. Ruwan Camps Bay da Clifton sanyi ƙarara ne ko ana tsakiyar zafi, saboda ruwan ƙasan teku da ke tasowa a gaɓar Atlantika. Mai son iyo ya nufi gaɓar Muizenberg, inda ruwan bai kai haka sanyi ba. Iskar kudu maso gabas kan tsayar da motar igiya da ke hawa da mutane Dutsen Table, don haka a hau ranar farko da gari ya yi tsit, kada a bari sai ranar tafiya.

Gidajen abincin gonaki sukan cika a ƙarshen mako, a kama wuri tun da wuri. A bar wa ma'aikaci aƙalla kashi 10 cikin 100. Kwalba, ko ta ruwan inabi zalla ce, ba ta shiga jakar hannu a jirgin da zai fita ƙasar waje. A Cape Point kuma a rufe gilashin mota, birai sun san inda ake ajiye abinci.