Kyakkyawar manufa ba ta isa hujjar tauye haƙƙi ba

Duk shekara ina duba rubutun ɗalibai masu koyon aikin lauya, kuskure ɗaya ne ke ta dawowa har ya ishe ni. Yaro zai rubuta cewa gwamnati ta hana taro saboda tsaro, tsaro kuwa babban abu ne, sai ya ajiye biro. Alhali nan ne aikin ya fara.

Ni ma na taɓa faɗawa ramin nan. Ina sabon lauya, ina kare wani umarnin hana zanga-zanga, na shafe kusan awa guda ina zayyana haɗarin tarzoma. Alƙali ya cire tabarau ya ce, "Malam lauya, babu hanyar da ta fi wannan sauƙi?" Na buɗe fayil, na rufe. Muka faɗi shari'ar, kuma laifina ne.

Tun ranar nake rubuta tambayoyi huɗu a bangon kowane fayil. Manufar halastacciya ce? Dokar za ta kai ga manufar kuwa? Akwai hanya mai rangwame? Amfanin ya kai cutarwar? Ku dubi shari'ar Oakes ta 1986 a Kotun Ƙolin Kanada. An kama mutumin da 'yan kwalabe 8 na man wiwi, doka kuma ta ce wanda aka samu da ƙwaya dila ne sai in ya wanke kansa. Kotu ta yarda yaƙi da fataucin ƙwaya wajibi ne, amma ta soke sashen, don riƙe ɗan kaɗan ba ya nuna mutum yana sayarwa.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ɗora kowane haƙƙi a kan sikeli. Ku karanta tsarin mulkinku mana! Sashe na 45(1) na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, wanda ya ba da damar taƙaita haƙƙi, ya shafi sassa na 37 zuwa 41 ne kawai (irin su 'yancin addini, faɗar albarkacin baki da taro), haramcin azabtarwa da ke sashe na 34 ba ya ciki. A 2006 kotun tsarin mulkin Jamus ta soke izinin harbo jirgin fasinja da aka sace, ta ce ba a cinikin mutuncin fasinjoji don a ceci wasu.

Nauyin kawo hujjar tauyewa yana wuyan gwamnati, kada ku sauke mata. Kuma Oakes ba dokar Nijeriya ba ce. Ni da sashe na 45 nake farawa, sai hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2007 da ya soke sharaɗin neman izinin 'yan sanda kafin a yi taro.