Yadda ake tsara dukiyar dattijo da kulawarsa tun yana da ƙarfinsa

Ranar da ɓarin jikin kawuna ya shanye, kuɗin jinyarsa suna nan a banki, amma babu mai ikon taɓa su. Baki ya karkace, magana ba ta fita, hannun da yake sa hannu da shi ya saki. Babban ɗansa ya je da takardar likita, ma'aikacin bankin ya saurare shi cikin ladabi, sannan ya ce asusun na mutum ɗaya ne, mutumin kuma yana raye, saboda haka ba maganar gado ba ce, kuma babu takardar da ta ba ɗan izini. Gaskiyarsa ce. Makonni aka yi ana zarya, ana cin bashi, alhali mai kuɗin yana kwance yana kallonmu.

In aka ce shirin tsufa, wasiyya ce ke fara zuwa a ran mutane. Amma wasiyya ba ta aiki sai bayan rai. Tsakanin cikakkiyar lafiya da rasuwa akwai wani lokaci, wata shida ko shekara goma, da mutum yana nan amma ba ya iya tafiyar da al'amuransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa a duniya, ban da masu shanyewar jiki. Duk takardun da zan ambata, sai mai cikakken hankali ne zai iya sa musu hannu. Abin da ya sa ake fara aikin tun dattijo yana garau ke nan.

Mataki na farko: buɗe maganar

Wannan ya fi duk sauran wuya. Ɗa yana jin nauyi kada a ce ya ƙosa da gado, uba kuma yana ganin kamar ana kira masa mutuwa. Kada a tara 'ya'ya duka a zagaye shi kamar an zo shari'a. Mutum ɗaya, wanda dattijon ya fi sakewa da shi, ya same shi lokacin da yake cikin nishaɗi. Kada kuma a fara da dukiya. A fara da abin da ya shafi jikinsa: "Baba, in Allah Ya kawo wata larura, ba fata ake ba, wa kuke so ya riƙa magana da likita a madadinku?" Daga nan sauran maganar takan biyo da kanta. In ya kawar da zancen, a bar shi, a dawo bayan kwana biyu. Wata dabarar da na ga ta yi aiki ita ce ɗan ya fara rubuta tasa wasiyyar, ya kawo wa mahaifin ya duba masa.

Mataki na biyu: a rubuta abin da ke akwai

Littafi ɗaya ya isa. A jera gidaje da filaye da inda takardun mallakarsu suke, asusun banki, fansho, inshora, hannun jari, abin hawa, da duk wata haɗakar kasuwanci. A buɗe shafi na musamman don bashi: wanda ake bin sa, wanda yake bi, da amanar da wani ya ba shi ajiya. Bashin baki shi ne ke fara tayar da ƙura bayan rasuwa, domin mai shaidar guda ɗaya ya riga ya tafi. A ƙara da magungunan da yake sha da sunan likitansa.

Wayar hannu ma yanzu dukiya ce, domin ta cikinta ake shiga banki. A rubuta lambar buɗe ta a ajiye a rufe wurin amintacce. Google yana da tsarin da mutum zai zaɓi wanda za a sanar in asusunsa ya daɗe ba a taɓa ba, Facebook ma yana ba da damar naɗa wanda zai kula da shafi bayan rasuwa.

Mataki na uku: takardar wakilci

Nan ne kawuna ya yi tuntuɓe, kuma nan ya kamata a fi tsayawa. Takardar wakilci ita ce wadda dattijo zai ba wani ikon yin abu da sunansa: cire kuɗi, biyan haya, karɓar fansho, sayar da kadara. Sai dai akwai tarko. A ƙasashe da yawa, wakilci na yau da kullum yana faɗuwa da zarar hankalin mai bayarwa ya gushe, wato daidai lokacin da ake bukatarsa. Don haka aka ƙirƙiro wakilci mai ɗorewa. A Ingila da Wales, dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta raba shi biyu, ɗaya na dukiya, ɗaya na lafiya da walwala, kuma sai an yi musu rajista kafin su yi aiki. Jihohin Amurka ma suna da irin nasu. Tambayar da za a yi wa lauya kai tsaye ita ce: wannan takardar za ta ci gaba da aiki in ya daina gane mutane? In ba za ta yi ba, me dokar ƙasar nan ta tanada? Inda babu takarda, hanyar da ta rage ita ce kotu ta naɗa waliyyi, kuma hanya ce mai cin lokaci da kuɗi.

Wa za a naɗa? A ganina ba lallai ne babban ɗa ba. A zaɓi wanda ke ajiye rasit, wanda ke kusa, wanda ba ya cikin matsin bashi. A sa masa sharaɗi a rubuce cewa zai riƙa nuna wa wani ɗan'uwa lissafi duk bayan wata uku. Ba rashin yarda ba ne. Kariya ce gare shi kansa ranar da aka fara gunaguni. A kuma naɗa na biyu da zai maye gurbinsa in ya rasu ko ya gaza. Bayan an gama, a kai kwafi banki tun yanzu, domin wasu bankuna suna da nasu fom da sai an cike.

Ta ɓangaren lafiya, dattijon ya faɗi abin da yake so a rubuta. In zuciya ta tsaya a yi ta ƙoƙarin farfaɗo da ita? In numfashi ya gagara a sa na'ura? A gida yake so ya ƙarasa ko a asibiti? Tambayoyi ne masu ɗaci, amma sun fi sauƙi a falo a kan a bakin ɗakin masu tsananin jinya, 'ya'ya suna jayayya likita yana jira.

Mataki na huɗu: wasiyya

Kafin a rubuta komai, a san dokar da za ta hau kan dukiyar, domin ba ko'ina mutum ke da ikon raba abinsa yadda ya ga dama ba. A shari'ar Musulunci ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. Wasiyyar ba ta wuce sulusi, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda. Rabon magada kuwa an yanke shi a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Faransa ma tana ware wa 'ya'ya kason da ba a taɓawa: rabi in ɗa ɗaya ne, kashi biyu bisa uku in biyu ne, kashi uku bisa huɗu in sun kai uku ko fiye. A Ingila mutum yana da sakewa sosai, amma dokar 1837 ta ce dole wasiyya ta kasance a rubuce, a sa hannu gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci ɗaya, kuma shaidan da aka bar wa wani abu a ciki ya rasa shi.

Darasin da ke ciki ya shafi kowa: shaidu su zama mutanen da ba su da rabo. In dattijon ya fara 'yan mantuwa, a nemi likita ya rubuta cewa yana cikin hankalinsa ranar da ya sa hannu. A ambaci wanda zai zartar da wasiyyar, a kuma tambaye shi tukuna ko ya amince.

Abu biyu da ake yawan tuntuɓe da su. Na farko, kuɗin inshorar rai da na fansho a wurare da dama suna zuwa ga sunan da aka rubuta a fom ne, ko me wasiyya ta ce. Fom ɗin da aka cike shekara talatin da suka wuce yana iya ɗauke da sunan wanda ya riga ya rasu. Na biyu, kyauta. "Ai Baba ya ce ya ba ni gidan" ba hujja ba ce. In kyauta ce, a miƙa ta, a canja suna a takarda, mai bayarwa yana lafiya. A fiƙihu ma kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Ni dai ba na ba dattijo shawarar ya kyautar da gidan da yake kwana a ciki, sai in an rubuta cewa zai zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Mataki na biyar: a auna irin kulawar da yake bukata

Kada a auna da shekaru, a auna da aiki. Likitoci suna amfani da ma'aunin da wani likitan Amurka, Sidney Katz, ya fitar a 1963, mai duba abu shida: wanka, sa tufafi, zuwa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci. Kafin waɗannan su taɓu, wasu ne ke fara zamewa: lissafin kuɗi, shan magani a kan lokaci, girki, amfani da waya. In aka ga ƙwayoyin Talata suna nan ranar Alhamis, ko an biya kuɗin wuta sau biyu, lokacin ƙara ido ya yi. Rikicewar da ta zo farat ɗaya kuwa ba a jingina ta ga tsufa. A kai shi asibiti, domin ciwon mafitsara ko wani magani na iya jawo ta.

In yana iya yawancin abubuwan nan, ya zauna a gidansa, a gyara gidan. Faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a shekara a duniya, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. A shiga banɗakinsa a duba da idon mai ciwon gwiwa: ƙarfen kamawa a bango, kujerar wanka, abin shimfiɗa mai hana santsi, fitilar dare tsakanin gado da ƙofa. A naɗe dardumar da gefenta ya tashi.

In bukata ta ƙaru, sai a kawo mai taimako na 'yan sa'o'i, ko mai kwana, ko ya koma wurin ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Akwai cibiyoyin yini da ake kai mutum da safe a ɗauko shi da yamma. Gidan kula da tsofaffi kuwa, duk da ƙyamar da ake masa, wani lokaci shi ne mafita ga wanda ke bukatar nas dare da rana, ko mai mantuwar da ke fita ya ɓace. Mai neman irinsa ya je ba tare da sanarwa ba, ya saurari yadda ma'aikata ke magana da mazauna, ya tambayi mutum nawa ke aikin dare. Ga wanda ciwonsa ba mai warkewa ba ne, akwai kulawar sauƙaƙa raɗaɗi, wadda Cicely Saunders ta kafa tsarinta na zamani a Landan a 1967. Ana iya yin ta a gida.

Mataki na shida: wa zai biya, wa zai yi

Jamus ta kafa inshorar kulawa ta dole a 1995, Japan ta bi a 2000, amma a yawancin duniya nauyin yana kan iyali. To a zauna a raba shi da baki, a rubuta. Kusan kullum mutum ɗaya ce, galibi 'ya ko suruka, ke ɗauke da wanka da juyi da rashin barci, sauran suna bugo waya suna ba da shawara. A yanka mata kuɗi daga dukiyar dattijon in akwai, a ware mata ranakun hutu da sunan wanda zai karɓe ta.

Takardun asali a ajiye su wuri ɗaya da ruwa da wuta ba za su ci ba, mutum biyu aƙalla su san wurin. A sake duba su duk shekara biyu ko uku, da kuma duk lokacin da aka yi rasuwa, saki, sayar da kadara, ƙaura zuwa wata ƙasa, ko aure. A Ingila, alal misali, sabon aure yana soke tsohuwar wasiyya, sai in an rubuta ta ne da nufin wannan auren.